Idon Hagun Saliha Mai Gumi

Duk wanda ya ci shinkafa a Ƙaura Namoda a shekarun da aka yanke Zamfara daga Sakkwato, in bai ci ta hannun Saliha mai gumi ba, to ya ji ana kwatance da ita. Gajeruwa ce, baƙa, mai faɗin kafaɗa, ga murya wadda in ta ɗaga ta a tsakar gida sai an ji a bakin titi. Haifaffiyar Moriki ce, ɗiyar manoman gero. Aure ya kawo ta Ƙaura, gidan Nasidi, leburan tashar jirgin ƙasa, wanda ya yi ta dakon buhunan gyaɗa har gyaɗar ta ƙare, jirgin ya koma zuwa jefi-jefi, shi kuma ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Ya rasu a shekarar da aka ba da sabuwar jiha, ana ta kiɗa a gari ita tana takaba. Ya bar mata ɗaki biyu da 'ya'ya mata uku. Mazan da ta haifa babu wanda ya yi kwana.

Ba ta zauna jiran kowa ba, ta kama sana'ar gumi, wato turara shinkafa a gyara ta a sayar. Ranar kasuwar Shinkafi ta shiga mota ta sayo shanshera, shinkafar da ba a cire wa ƙaiƙayi ba, ta jiƙa, ta turara a rabin duro, ta shanya tana faɗa da kaji da awakin maƙwabta, ta kai inji. Sannan ta baje tabarma ta ɗauki faifai, tana bakace tana tsince tsakuwa ɗaya bayan ɗaya. A nan sunanta ya fito. Masu sayar da abinci a tasha sukan auni shinkafarta su juye a tukunya ko regewa ba su yi ba. Aikin ido ne tsantsa, kuma da shi ta aurar da 'ya'yanta duka ukun.

Ba ta kuma da tsoron ɗan kowa. Dillalan Shinkafi sun san ta sarai. Mutum ya kuskura ya cusa mata buhu mai yashi a gindi, sai ta zazzage shi a gaban jama'a, ta yi masa tatas har sai ya rasa inda zai sa kansa. An taɓa ganin ta ta shaƙe wuyan rigar kwandasta saboda ya jefar mata da kaya a taɓo. To wannan matar ce fa ta rasa idonta don ta kasa buɗe baki ta faɗi magana guda ɗaya. Wallahi duk lokacin da aka tuna sai rai ya ɓaci.

Mutum biyu ne kaf a duniya bakin Saliha ke mutuwa a gabansu. Ta farko Rashida, 'yarta ta fari. Ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai “ke” ko “waccan”, kuma in za ta yi mata magana bango take kallo. Na biyu Sirajo, mijin Rashidar, direban bas mai jigila tsakanin Ƙaura da Gusau. Suruki, kuma mijin 'yar fari, kunya kan kunya ke nan. In ya zo gaisuwa tun daga zaure yake tuɓe takalmi, ya durƙusa a bayan labule ya gaishe ta ƙasa-ƙasa, ita ma ta amsa daga ciki ƙasa-ƙasa. In ta hango shi a hanya sai ta sake lungu. Yaro ne mai kirki, ba wanda zai ce ba haka ba. Bai taɓa wucewa da rake ko lemo bai aika mata ba.

Ciwon suga ya shige ta ba sallama. Ƙishirwa ba dare ba rana, fitsari, rama. Takan sha ƙwayar da mai kemis ya ba ta in ta tuna, ta bi da jiƙon ɗaci. Idon dama ya fara. Wata safiya tana shanya ta ga kamar hayaƙin ɗanyen itace ya taso mata ta gefe ɗaya. Ta sa kwalli, ta shafa ruwan tofi, hayaƙin ya yi ta kauri har idon ya rufe ruf. Ba ta gaya wa kowa ba, ta ci gaba da tsintar tsakuwarta da na hagu. Gimbiya ce ta gano, maƙwabciyarta mai ƙuli-ƙuli, ƙawarta tun suna amare, ranar da ta ga Saliha na tsiyaya mai a gefen kwalba yana bin ƙasa. Gimbiya ta yafa mayafi ta je ta sami Rashida. Asibitin Ƙaura suka tura su Gusau, Gusau suka ce wannan sai Kaduna.

Sai maganar wanda zai kai ta. Lokacin shari'a tana sabuwa fil, an raba zama a mota, maza gaba mata baya, kuma ba a son mace ta yi doguwar tafiya ba muharrami. Rashida tana jego. Ƙannenta suna aure a nesa. Wan Saliha, Alhassan, yana Zurmi ƙafa ta kwantar da shi. Aka tambayi liman, ya ce ai suruki muharrami ne, babu laifi ko kaɗan. Addini ya ce ya kai ta, al'ada ta ce kada su haɗa ido. Sirajo ya bar wa wani direba motarsa, suka shiga ta haya, shi kusa da direba, ita can kujerar ƙarshe ta ja hijabi har kan hanci. Daga Ƙaura har Kaduna ko tari ba ta yi ba.

A asibitin ido da aka kira ta, malamar asibiti ta ce wa Sirajo ya shigo tare da ita. Ya sunkuyar da kai.

“Surukata ce,” ya ce.

Malamar ta ɗaga kafaɗa ta ja Saliha ciki. Aka ɗiga mata magani, aka haska, likita ya daɗe yana leƙe. Bahaushe ne, mai magana a hankali, bai kuma ɓoye mata komai ba.

“Mama, na dama ya tafi, ba zan yi miki ƙarya ba. Na hagun nan muke so mu tsare. Suga ya sa waɗansu ƙananan jijiyoyi marasa ƙwari sun tsiro a bayan idon. In aka bar su za su fashe, jini ya cika idon, kamar yadda ya faru da ɗayan.”

“To a hidda su mana,” in ji Saliha. Likita ba surukinta ba ne, bakinta ya dawo.

“Ba a fiddawa. Kin ga na'urar nan? A cikinta akwai bututu da aka rufe wata iska a ciki, ana ce mata argon. In aka sakar mata wutar lantarki mai ƙarfi sai ta kama haske, mu kuma mu tattara hasken ya zama siriri, ya fi bakin allura. Da shi zan ɗan ƙoƙƙona bayan idon, ɗigo-ɗigo, sai jijiyoyin su yanƙwane.”

“Ashe lalas ne! Haka ubana ka yi ma jaki da jan ƙarhe in ƙahwa ta kumbura.”

Likita ya yi dariya ya ce kusan haka ne, sai dai nasa ƙarfen ba ya taɓa fata.

Ta ɗora haɓa inda aka nuna mata. Ya manna wani ɗan gilashi a kan ƙwayar idon. Sai walƙiya, koriya shar, wal, wal, wal, kowace da ɗan ƙara, har ta daina sanin ko idon a buɗe yake ko a rufe. Wata walƙiyar ba ta jin komai, wata kuma sai ta ji zafin ya soke ta har ƙeya. Ta damƙe ƙarfen teburin, ba ta motsa ba. Likita ya ce da duk marasa lafiya irinta ne da ya huta.

Da ya gama ya jawo kujera ya zauna dab da ita.

“Ki saurare ni da kyau, Mama. Ba a gamawa a zama ɗaya, ido ba zai ɗauka ba. Yau rabi na yi. Ki dawo kafin watan nan ya mutu in ƙarasa. Aikin nan ba zai ƙara miki gani ba, wanda ya rage zai tsare. In kuwa kika fara ganin baƙin zare ko ƙudaje suna yawo a idon, kada ki jira komai, ki taho. Wa ya kawo ki?”

“Yana waje.”

“Ki gaya masa duk abin da na ce.”

“To,” in ji Saliha.

Kada wani ya zo yana cewa ba ta gane ba, ko jahilci ne. Ta gane tsaf, kowace kalma ta shige ta. Shi kuma likitan nan, Bahaushe ɗan Bahaushe, ya ji tsohuwa ta ce “yana waje” ba ta ko ambaci suna ba, bai san abin da hakan ke nufi ba? Me zai rage shi in ya leƙa ƙofa ya ce wa ya kawo Mama? Ya kira na gaba kawai. Malamar asibiti ce ta riƙo ta zuwa baranda, ta ce wa Sirajo, “Akwai dawowa, likita ya yi mata bayani.” Sirajo, ido a ƙasa, ya ce, “To madalla, mun gode.” Haba Sirajo! Mutumin da ba ya tayar da mota sai ya tambayi kowane fasinja inda zai sauka, ya kasa cewa yaushe.

Suka dawo gida, 'yan dubiya suka yi ta shigowa, wannan da fura, waccan da kunu. Kowa tambayarsa ɗaya, “Ya ido?” Ita ma amsarta ɗaya, “Da sauƙi, alhamdulillahi.” Yo me za ta ce? Wa ya taɓa jin an amsa da wani abu dabam a ƙasar nan? Mutum yana kwance ana ɗiga masa ruwa a baki, ka ce ya jiki, zai ce da sauƙi. Godiya ce ga Allah, kuma ladabi ne, ba wanda ya ƙi. Amma kowa ya san ba labari ba ne. Yaro ma ya sani, balle Sirajo mai iyali.

Shi ke nan sai aka shiga zaman jiran juna. Ita a ranta tana cewa ai malamar asibiti ta faɗa masa, da kunnenta ta ji. Tun da ya yi shiru, akwai dalili. Ya bar aikinsa ya kai ta, ga jaririya, ga damina ta kankama. Da wane baki za ta aika wa suruki cewa ya zo ya sake ɗaukar ta? Shi kuma a ransa yana cewa ai ita aka yi wa bayani, in lokaci ya yi za ta aiko. Duk mako sai ya ba Rashida lemo ya ce ta gaishe da Inna, ta tambayo ya ido. Rashida ta je ta durƙusa ta isar. Saliha tana kallon bango ta ce da sauƙi. Rashida ta kai masa, ya ce alhamdulillahi, ya tayar da motarsa hankali kwance. Amsar ta yi masa daɗi, gaskiyar magana ke nan, shi ya sa bai tona ba.

Gimbiya ce kaɗai ta tona. Wata rana suna zaune tana murza ƙuli ta ce, “Wai ni Saliha, ba su ce ki koma ba?”

“Sun ce.”

“Yaushe?”

“Kahin watan ga shi mutu.”

“Yo ai ga shi ya kusa! Kin hwaɗa ma Sirajo?”

“Ke Gimbiya, kina da hankali kuwa? Ni in aika ma mijin waccan in ce shi zo shi kai ni? Shi ba shi da kunne?”

“To ni bari in tahi in hwaɗa mishi.”

Saliha ta ajiye faifai. “Kinka kuskura, ni da ke har abada. So kike a ce na zama tsohuwar da ka roƙon suruki a bakin tasha?”

Gimbiya ta ja bakinta ta yi shiru. Tir da wannan shirun. Macen da ta iya zuwa ta sami Rashida da fari, yanzu ta tsaya tsoron kada ƙawa ta yi fushi. Da ta je, iyaka su yi gaba na sati biyu su shirya a gidan suna.

Wata ya mutu, wani ya tsaya, shi ma ya mutu. Baƙin zaren da likita ya faɗa ya zo, yadda ya faɗa. Ƙudajen ma suka zo, ta riƙa kai musu hannu tana kora kafin ta tuna a cikin idon suke. Ta koma tsintar tsakuwa da lalube. Wata rana mai abincin tasha ta shigo da kwano, ta ce wani direba ya kusa karya haƙori a shinkafarta. Saliha ta taso mata kamar za ta cinye ta ɗanya, ta ce sharri ne, a wani wuri ta auno. Da matar ta fita sai ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado, ta daɗe ba ta fito ba. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ba ta taɓa ji ba ko ranar da Nasidi ya cika.

Kwana kaɗan bayan haka Rashida ta zo da goyo da ledar lemo. Saliha ta karɓi jikar tana jijjigawa, ta kai fuskar yarinyar dab da idonta na hagu, ta ga rabi, rabin kuma zare ya rufe. Maganar ta taso mata har maƙogwaro.

“Ke,” ta ce, “wanga mai motar…”

“Na'am, Inna?” Rashida ta sunkuyar da kai, tana wasa da bakin zane.

Rashida ta ji muryar uwarta ba daidai take ba, ta ji sarai. Da ta ɗago ta ce Inna mene ne, da an wuce wurin. Amma ita ma haka aka raine ta, ba a tsare uwa da ido, ba a ja mata magana.

“Ki ce ina gaishe shi,” in ji Saliha.

Ranar da abin ya faru hantsi ne, tana turare. Ta sunkuya za ta ɗaga rabin duro daga murhu, ta yunƙura da ƙarfi, sai ta ga ja ya malalo daga sama kamar an ɓarar da zobo. Kafin ta miƙe jan ya zama baƙi. Ta ja da baya ta zauna daɓas a ƙasa, tana jin zafin wuta a ƙafarta ba ta san ta wane gefe take ba.

“Gimbiya!” ta ƙwala kira ta kan katanga. “Zo ki sauke min tukunya, ban ganin wuta!”

To a ranar kowa ya sami baki. Gimbiya ta ruga tasha ba ko takalmi, tana faɗin abin da ta ɓoye wata da watanni. Sirajo ya sauke fasinjojin da ya riga ya loda. Rashida ta saɓa goyo. Ashe motar tana iya zuwa Kaduna ba shawara, ba jiran damina ta wuce. Ashe suruki yana iya riƙe hannun surukarsa ya sa ta a kujera, sama ba ta faɗo ba.

Wannan karon ita da Sirajo da Rashida duka suka shiga ɗakin likita. Na'urar tana nan a kusurwa, an lulluɓe ta da farin ƙyalle. Likita ya haska, ya sake haskawa, ya tura aka yi mata hoton ido, ya dawo ya zauna.

“Mama, ina kika shiga?”

Ya nuna na'urar da hannu ya ci gaba.

“Hasken nan ba ya ratsa jini. Kuma ba jinin ne kaɗai ba. Jijiyoyin sun ja fatar da ke gani a bayan idon, sun ɓamɓaro ta. Ko an yi babban aiki an kwashe jinin, ban ga abin da za a tarar ba.” Ya juya ga Sirajo. “Kai ka kawo ta wancan karon? Me ya hana ku dawowa?”

“Ta ce da sauƙi,” in ji Sirajo.

Likita ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya rufe. Ya cire tabarau ya murza idonsa. Ya rubuta mata maganin suga da na ɗigawa, ya ce Allah ya sa kaffara ne. Ƙyallen nan ko ɗaga shi ba a yi ba.

A hanyar dawowa jaririya ta yi ta kuka. Da suka tsaya Funtuwa sallar la'asar, Sirajo ya kashe mota amma bai fita ba. Ya juyo ya kalli fuskar surukarsa sosai, abin da bai taɓa yi ba tun da ya auri 'yarta.

“Inna, don Allah, mi yas sa ba ki aiko ba?”

Ta juyo inda ta ji muryar. Ba ta yi ƙasa-ƙasa ba. Da muryar kasuwar Shinkafi ta amsa masa.

“Kai mi yas sa ba ka tambaya ba?”

“Na tambaya, Inna. Duk mako ina aikowa.”

“Gaisuwa kaka aikowa! Ni ma gaisuwa nika maido ma!”

Daga nan bakin ya ɓalle. Ta ce likita ya ce rabi ya yi. Ya ce a koma kafin wata ya mutu. Ya ce in an ga zare kada a jira komai. Ta faɗi bututun, ta faɗi iskar da sunanta, ta faɗi hasken da ya fi bakin allura, ba ta bar ko kalma ɗaya ba. Duk watannin nan tana ɗauke da shi a ciki, tana maimaitawa in tana tsinta, tana jiran a tambaye ta. Ta zagi Sirajo, ta zagi Rashida, ta zagi Gimbiya da ba ta nan, ta dawo kanta ta zagi kanta fiye da kowa. Masu tallan rake suka taru a jikin taga suna kallo. Rashida ta toshe baki da mayafi tana kuka. Sirajo ya kifa kai a sitiyari.

Da suka isa Ƙaura ya tsaya a ƙofar gidanta ya buɗe mota. Saliha ta ture hannun Rashida ta sauko da kanta. Ta yi taku biyu da ƙarfi irin na da, sai ta tsaya cak a tsakiyar lungu. Ta juya dama, ta juya hagu. Sannan ta miƙa hannu a iska, tana jira wani ya zo ya nuna mata ƙofar gidanta.